Abin da ya kamata a duba kafin sauya injin ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska

Ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska ba ya buƙatar inji sai iska ta ɗauke, ko kuma zai tsaya a gaɓa. Gazawar inji a irin wannan lokaci na iya jefa rayuka cikin haɗari.

Idan za a sauya injin da ake maƙalawa a bayan jirgin, abu na farko shi ne tsawon ƙafarsa da ke ɗauke da farfela. Ana ƙera ta inci 15, 20 ko 25. Irin wannan jirgi yawanci yana buƙatar inci 20 ko 25, domin idan igiyar ruwa ta ɗaga bayansa, gajeriyar ƙafa takan fito waje, farfela ta daina turawa, inji kuma ya rasa ruwan da ke sanyaya shi.

Jirgi mai tsawon mita 6 zuwa 7 yakan wadatu da ƙarfin doki 4 zuwa 6. Wanda ya zarce haka nauyi yake ƙarawa, ba gudu sosai ba.

Injin da ake gauraya fetur da baƙin mai bai kai nauyin wanda ke raba su ba, amma ya fi shan mai. Kafin a saya, a tabbatar akwai kayan gyaransa kusa.