Motar Lantarki da Mai Ruwa Biyu: Lissafin Ma'aikaci a Kudancin Katsina



Tun ran 29 ga Mayu 1999 ba a yi wata ranar rantsarwa da ta taɓa aljihun ma'aikaci kamar ta 2023 ba, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ma'aikacin da ke aiki a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya fara tunanin motar da ba ta shan mai.

Motocin iri biyu ne. Akwai ta lantarki zalla, wadda batir kaɗai ke ja. Akwai kuma wadda zan kira mai ruwa biyu, watau mai injin fetur haɗe da ƙaramin batir, irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997. Ita wannan ba a sa mata caji daga waje. Injin da birki su ke cika batirin.

To, mu yi lissafi. Matsakaiciyar motar fetur takan sha wajen lita 8 a tafiyar kilomita 100, watau naira 8,000 in lita tana dubu. Ta lantarki kuwa takan ci wajen yunit 17 na wuta. Ko da farashin naira 225 da aka yanka wa 'yan rukunin farko a Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 4,000 ba. Ga shi ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. A takarda dai riba a fili take.

Amma fa takarda ba ta san Sabuwa ba. Wancan farashi na waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana ne, alhali kuwa mutanen ƙauyukanmu sun san yadda ake kwana da kwanaki ba a ga ƙyallinta ba. Wanda ya ce zai yi caji da ƙaramin janareta, lalle fetur ɗin da zai ƙona zai yi kusa da abin da motar fetur za ta sha. An gudu ba a tsira ba ke nan. Sai dai mai farantan hasken rana masu yawa, irin tashar cajin da aka buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, wannan kuwa jari ne na daban a kan kuɗin motar.

Ba na musun cewa fetur ma yana da nasa ciwon. A 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da shi a jarka, ta kuma ƙayyade abin da za a sayar wa direba a waɗannan ƙananan hukumomi, saboda 'yan bindiga. Sai dai wannan matsalar tsaro ita ce kuma babbar hujja a kan motar lantarki. Daga Sabuwa zuwa Katsina ya haura kilomita 200, kuma ba mai son batir ya mutu masa da la'asar sakaliya tsakanin Sheme da Ƙanƙara. Mai fetur yakan sami galan guda a bakin hanya. Wuta ba a aro ta a galan.

Sa'an nan ga batirin kansa. Masu ƙerawa sukan ba shi lamunin shekara 8, ma'aikacinmu kuwa 'yar Kwatano ce iyakar ƙarfinsa, wadda sau da yawa ta riga ta cinye shekarun. Zafin Afrilu yana saurin tsufar da batir, kuma sabonsa yakan lashe babban kaso na darajar motar.

A ganina mai ruwa biyu ta fi dacewa da mu, ko da yake tanadinta ya fi bayyana a cunkoson birni bisa kan buɗaɗɗen titi, kuma wasu irinta ƙasa-ƙasa ne, ba su jure hanyar damina. Mai niyyar saye ya fara neman bakaniken da ya san na'urarta, ko a Funtuwa ko a Zariya, ya sa a auna masa lafiyar batirin kafin ya biya ko sisi.