Zazzaɓin da ke barin tabo a ƙwaƙwalwar yaran Shanga

A ƙauyukan Shanga, Yawuri da Ngaski, idan yaro ya shiɗe akan ɗora wa aljanu laifi, alhali sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Wani bincike da aka yi a Blantyre ta Malawi, aka wallafa a 2015, ya nuna kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe yawancin yaran da suka rasu a wannan hali. Wasu da suka tsira kan kamu da farfaɗiya ko raunin karatu.

A binciken ƙasa na 2021, Kebbi ce kan gaba: kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yara na ɗauke da cutar. An fara rigakafin R21 a jihar a Disambar 2024, sai dai allura huɗu ce, kuma cika ta ga iyalan masuntan Kainji masu yawan ƙaura ba ƙaramin aiki ba ne.