Alanya: A Je a Huta, Amma Banda Cinikin Biri a Sama

Uwargida, idan maigida ya tambaye ki ina za a je hutu bana, ga wani gari da ya kamata ki sani. Sunansa Alanya, a kudancin Turkiyya, a bakin Bahar Rum, kimanin kilomita 135 gabas da birnin Antalya.

Garin dai ya haɗu. Gabansa teku, bayansa duwatsun Toros, ga gonakin ayaba da lemo a kewaye. A kan wani tsauni da ya kutsa cikin ruwa akwai tsohuwar ganuwa. Sarkin Saljukawa, Ala'uddin Kaikubad, shi ya ci garin a 1221, ya kuma gina Jar Hasumiya mai kusurwa takwas a 1226, har yau tana tsaye a bakin tashar jiragen ruwa. Masoya kuwa sun fi son gaɓar Kiliyofatara, inda ake cewa wai sarauniyar Masar ɗin ta taɓa wanka. Masallatai ga su nan, abinci na halal, sai dai lokacin zafi garin kan cika da Jamusawa da Rashawa, kuma shigarsu a bakin ruwa ba irin tamu ba ce.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da kun sauka dillalan gidaje za su yi muku caa, da hotuna masu ɗaukar ido, suna cewa saya yau ka ci riba gobe. Maigida, kada daɗin iska ya kwashe ka.

Da farko, ba 'yan kowace ƙasa dokar Turkiyya ta yarje wa mallakar gida ba, don haka a fara tambayar ofishin jakadancinsu kafin a ba da ko sisi. Na biyu, gida bai zama naka ba sai an ba ka takardar mallaka da suke kira tapu, daga ofishin gwamnati. Na uku, dokokin na canzawa. Kuɗin gidan da ke sa a ba mutum zama ɗan ƙasa ya tashi daga dala 250,000 zuwa 400,000 a 2022. A shekarar kuma aka daina ba sababbin baƙi izinin zama a wasu unguwanni, har da Mahmutlar, inda baƙi suka fi saye. Daga 2024, mai son ba 'yan hutu hayar gidansa ta gajeren lokaci sai ya sami lasisi, da yardar sauran masu gidajen benen. Ga kuɗin kula da bene duk wata, ko kana nan ko ba ka nan. Da sanyi ya shigo kuwa, masu haya sai su ɗauke ƙafa.

Shawararmu ita ce, ku kama otal na mako biyu, ku ga gari, ku sha iska. In har zancen saye ya taso, a nemi lauya wanda ba na dillali ba. Ke kuma uwargida, in gwal ɗinki zai shiga cinikin, ki tabbata sunanki ya hau tapu. Allah ya kai mu lafiya.