Barewa, Kyamara da Buhun Masara

Yau dazukan Turai, Amurka da Asiya za mu leƙa, inda mutum kan kwana cikin sanyi don barewa ta kalli kyamararsa na daƙiƙa biyu, ma'aikacin gandun daji kuma na gefe da takardar tara. Ku gyara zama.

A fara sanin wadda ake batu: barewarmu ta Sahel ƙahonta na har abada ne, tasu kuwa kishimin yakan zubar da ƙahonsa mai rassa duk shekara, ya tsiro sabo. Duk faɗin Afirka, a yankin duwatsun Atlas kaɗai wannan dangi yake da asali. Ƙahon aro, shekara na cika a mayar.

A manyan jinsuna, sabon ƙahon kan ƙaru da kusan santimita 2 a rana guda idan ciyawa ta yi kyau. Wanda ya ɗauki hoton kishimi a watan Mayu, in ya dawo a Yuli sai an sake gabatar masa da shi. Girma ba sallama.

Idon barewa bai cika rarrabe ja da ruwan lemo daga koren ganye ba, amma shuɗi yana hango shi tun daga nesa. Shi ya sa maharbi ke shiga daji da riga mai launin lemo ba ta kula ba, mai hoto kuma ya zo da wandon jins ta watse. Ado a gari, tonon asiri a dawa.

Hanci ne babban ɗan sandanta. Ƙwararrun masu hoto kan riƙe 'yar kwalbar hoda, su matsa kaɗan su ga inda iska ta nufa, sannan su zagaya ta yadda iskar za ta riƙa bugun fuskarsu. Turaren Juma'a dai a bar shi a gida.

Idanunta suna gefen kai, tana ganin kusan duk kewayenta ba tare da ta juya ba, kuma motsi take kamawa fiye da siffa. Idan ta yi zargin wani abu sai ta buga ƙafa a ƙasa, ta sunkuya wai za ta ci ciyawa, ta ɗago kai farat ɗaya ta ga ko ka motsa. Kai ka zo yi mata dabara, ita ma da tata ta fito.

Lokacin fitarta asuba ne da gab da magariba. Mai nauyin barci ya nemi wata sana'ar.

Akwai jinsin Amurka mai farin ƙasan wutsiya, wanda da ya firgita sai ya ɗaga wutsiyar sama ya zura da gudu, farin ya zama gargaɗi ga sauran garke. Sabon shiga kan dawo gida da hotuna ɗari, casa'in daga ciki na wannan ɓangaren ne. Hoto dai hoto ne, in ji mai ƙarfin hali.

Tsohuwar dabarar kiran kishimi lokacin barbara ita ce a sami ƙahoni biyu a riƙa gwara su, a karya 'yan ƙirare, a tayar da ƙura. Shi kuma gogan sai ya taho a guje ya ga su wa ke faɗa a unguwarsa. Ashe son kallon dambe ba ɗan Adam kaɗai ya gada ba.

Kada dai a gwada wannan a gandun Yellowstone na Amurka: busa kayan kwaikwayon kukan dabba haramun ne, haska su da fitila da dare ma haka, ciyarwa kuwa ba a ma maganarta. Tazarar da aka yarda da ita yadi 25 ce, kusan mita 23. Kallo kyauta, kusanta da tsada.

A shagunan kayan farauta na Amurka ana sayar da fitsarin macen barewa a kwalba, da tambari da farashi, don jawo namiji. Jihohi irin su Bajiniya sun haramta amfani da na ainihi saboda tsoron yaɗa cuta, sai kamfanoni suka koma haɗa na jabu. Kasuwa ba ta rasa abin sayarwa.

Cutar da ake tsoro ita ce mai ramar da barewa: ta lalata ƙwaƙwalwa, dabba ta rame, yawu na dalala, ta daina gudun mutane, ƙarshenta mutuwa. A jihar Kolorado aka fara lura da ita a 1967, kuma har yau ba magani ba rigakafi. Barewar da ta tsaya maka cak ka yi ta ɗauka, ba lallai farin jininka ba ne.

Abin da ke jawo cutar wani gurɓataccen furotin ne da ke fita a yawu da fitsari da kashi, ya zauna a ƙasa shekara da shekaru bai lalace ba. To ka tara bareyi talatin suna tura baki cikin tulin masara guda, ka ga inda dokokin hana ciyarwa suka samo asali. Kwano ɗaya, baki talatin, lissafin ba wuya.

Da cutar ta ɓulla a Norwe a 2016, karon farko a Turai, hukuma ba ta tsaya jan magana ba: garken barewar ƙanƙara na yankin Nordfjella, wajen dabbobi 2,000, aka harbe shi kaf. Wuraren lasar gishiri na yankin ma sai da aka killace su. Gyaran gangar auzinawa ko maganin ƙarshe, har yanzu ana muhawara.

Ga wadda ta fi ban takaici. Da hunturu cikin barewa ya riga ya saba da tsinke da ɓawon itace, ƙwayoyin halittar da ke narka abinci a tumbinta ma na wannan cimar ne, kuma sukan ɗauki makonni kafin su sauya. In ta auka wa masara rana tsaka sai tumbin ya yi tsami, ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk mai kiwo ya san abin da ke samun tunkiyar da ta faɗa buhun hatsi.

An ga haka ƙiri-ƙiri a jihar New Hampshire a 2015, inda aka tsinci gawar bareyi 12 a wuri guda, binciken likitocin dabbobi kuma ya nuna abincin da mutane suka zuba musu ne sanadi. Ba guba, ba harsashi. Tausayi ne ya yi kisa.

Busasshiyar ciyawar shanu ma ba ta tsira ba: barewa kan cika ciki da ita fal, ta kasa narkarwa, yunwa ta kashe ta. Ƙoshi a ido kawai.

Abin dariyar, dokar Amurka ba ɗaya ba ce. A Teksas buhunan masarar barewa jibge suke a gidajen mai, akwai ma na'ura mai agogo da ke watsa hatsi safe da yamma har bareyi sun haddace ƙararta. A Kolorado da New York kuwa zuba ko tafin hannu laifi ne. Masara ɗaya, nan sadaka, can tara.

Jihar Wiskonsin ta bi hanyar awo: a gundumomin da ba a hana ba, mai son kallo zai iya zuba galan 2, wato lita 7 da rabi, cikin yadi 50 daga gidansa, kuma nesa da babban titi. A gundumar da cutar ta ɓulla kuwa, ko ƙwaya. Kafin ka sayi kyamara, sayi ma'auni.

Har abincin tsuntsaye dokar ta leƙa: a rataye shi inda bakin barewa ba zai kai ba. Wato sun san wayon "ai don kurciya na zuba".

Sai ƙofar da doka ta bari a buɗe. A wurare da dama, in ka shuka ciyawar da barewa ke so ko ka dasa itacen tuffa a bayan gida, ba wanda zai ce ka yi tarko, ko da garke ya mai da gonar wurin hira. Zubawa laifi, shukawa noma, kuma a ganina wannan ce dabarar masu hankali.

Ƙetara zuwa Jamus ka ga an juya riga: a wasu jihohin can doka ce ta ɗora wa mai haƙƙin farauta a daji nauyin ciyar da namun dajin idan hunturu ya tsananta. Abin da ake cin mutum tara a kansa a Kolorado, rashin yin sa ne laifi a nan. Duniya, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A kwarin Jackson na jihar Wyoming, tun 1912 aka ware fili ana ciyar da dubban manyan bareyi da hunturu, baƙi kuma na shiga tsakiyarsu a keken doki mai sulɓi suna ɗaukar hoto. Ƙahonin da suka zubar ake tarawa, har an gina ƙofofi huɗu da su a dandalin garin. Masana cuta na kallon taron suna cizon yatsa.

Yanzu sai Nara ta Japan, hedikwatar bareyi marasa kunya. Sama da 1,000 ne ke yawo cikin gari, al'ada ta ɗauke su 'yan aiken alloli, gwamnati kuma ta sa su cikin dukiyar ƙasa da ake karewa tun 1957. Mota ce ke jiran barewa ta gama tsallaka titi.

Abu guda aka yarda baƙo ya ba su, wani biskit na dusar shinkafa da garin alkama, ba sukari, wanda ko takardar da aka ɗaure shi da ita an yi ta yadda za ta ciwu. Da yawansu sun koyi sunkuyar da kai kafin a miƙa musu. Ladabi, amma na ciki.

Ladabin kan ƙare ne idan baƙo ya ɗaga biskit sama yana ja musu rai don abokinsa ya sami hoto mai kyau: sai cizo a ɗuwawu, ko tunkuyi, ko a ja masa riga. Shawarar mutanen gari ita ce ka ba da da wuri, in ya ƙare ka buɗe tafukan hannunka biyu su gani. Barewar Nara ba ta yarda da "sai gobe".

Akwai kuma kiran ƙaho, al'adar da ta faro a 1892: mutum ya tsaya a fili ya busa, bareyi su ɓarke daga cikin kurmi a jere, a watsa musu 'ya'yan itacen oak. Masu kyamara kan yi sahu tun da sassafe. Maroƙi ya yi kira, masu gari sun amsa.

Kowane Oktoba kuma akan kama kishimai a yanke musu ƙaho a bainar jama'a, bikin da ya samo asali tun ƙarni na 17, don kada su soke mutane lokacin barbara. Ƙahon da ya ƙosa ba jini ba jijiya, ba ya musu ciwo. Aski ne, sai dai wanzaman sun fi shan wuya.

Ɓangaren da ba dariya: a 2019 an buɗe cikin wasu bareyin Nara da suka mutu, aka tarar da leda cunkushe, guda ɗaya ma sama da kilo 4. Ƙanshin abinci ne a jikin ledar ke ruɗarsu. Wanda ya yar ya hau jirgi ya koma gida.

A tsibirin Miyajima na Japan ɗin an daina ciyar da bareyi, sai suka koma kan takarda: taswirar baƙo, tikitin jirgin ruwa, duk abin da ya leƙo daga aljihu. Ka tsaya gyara kyamara, hanyar komawa masauki ta shige ciki.

Richmond Park na Landan na da bareyi tun zamanin da aka kewaye shi a 1637, yanzu wajen 600 ne, ƙa'ida kuma mita 50 ce, ba taɓawa ba ciyarwa. Da kaka kishimai kan cusa ƙaho cikin ganyaye su ɗago da tuli a ka suna ruri, masu hoto su yi musu zobe har sai gogan ya fusata ya kora su. Rawani ya hau kai, sai a ba sarki hanya.

A Phoenix Park na Dublin masu bincike sun lura cewa ba duk garken ke bara ba, wasu 'yan tsiraru ne masu ƙarfin hali, kuma uwayen da ke karɓar abincin baƙi sukan haifi 'ya'ya mafi nauyi. Wato karas ɗin masu hoto na ƙara wa marasa tsoro yawa. Barewa ba ta bara ɗanta ya yi kawaici.

A Jasper ta Kanada har allo aka kafa a bakin hanya ana roƙon direbobi kada su bar mus, babbar yayar dangin, ta lashi motarsu. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara ne ke manne wa mota, ita kuma ta gano. Wankin mota kyauta, da harshe.

A dazukan Indiya barewa mai ɗige-ɗige kan tsaya ƙarƙashin bishiyar da birai ke ci, tana tsintar ganye da 'ya'yan da suka yar, kowa kuma na yi wa kowa gadin damisa. A tsibirin Yakushima na Japan biran har hawa bayanta suke yi. Su kaɗai ke ciyarwa ba takardar izini.

Wanda ya ɗauka ciyawa kaɗai take ci, ya je tsibirin Rum na Sikotlan, inda aka ga jajayen bareyi na cinye kai da ƙafafun 'yan tsakin tsuntsayen teku don samun sinadarin ƙashi. Wannan hoton ba ya shiga kalanda.

Ɗan barewa kwance shi kaɗai cikin ciyawa ba maraya ba ne: uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo, takan dawo shayarwa 'yan lokuta a yini. Duk bazara sai an sami masu tausayi sun naɗe shi a bargo sun kai wa hukuma. Satar yaro da kyakkyawar niyya.

Mai zuba abinci a bayan gida kuma ya shirya karɓar baƙin da bai gayyata ba: kaska mai ɗauke da cutar Lyme, maƙwabci da aka cinye wa furanni, a yammacin Amurka har da zakin dutse da ya biyo sawu. A tsibiran kudancin Filorida, inda ciyar da 'yar ƙaramar barewarsu laifi ne, mota ce kan gaba wajen kashe su, kuma saba musu da hannun mutum ne ke jawo su bakin titi. Gayya ɗaya, gari ya cika.

Mafi sauƙin dabara ita ce kyamarar da ake ɗaure wa a bishiya, mai ɗauka da kanta in ta ji motsi da ɗumin jiki. Jihar Arizona ta hana maharba amfani da ita tun 2022, amma mai son hoto zalla ba a hana shi ba. Kai kana minshari, ita tana aiki.

Saboda haka mai niyyar tafiya, kuɗin masara a tara su a sayi madubin kyamara mai dogon zango, a kuma tambayi dokar gundumar da aka sauka kafin a buɗe jaka, don ta maƙwabciyarta ba za ta cece ka ba.