Kula da Fata: Garin Gyaran Gira Kada a Rasa Ido

Da zarar kaka ta yi, mutanen Balan da sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi sukan sami sararin kansu. An kai gero da dawa rumbu, an cire gyaɗa, an gama roron wake. A wannan lokaci abu biyu ne ke zuwa tare. Na farko hunturu. Na biyu bukukuwan aure. Hunturu yakan busar da fata, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Biki kuwa yakan sa 'yan mata neman man da zai haska fuska cikin sati biyu. A nan ne mutane da yawa suke yi wa kansu ɓarna da kuɗinsu.

Fata ba ta son gaggawa, ba ta kuma son a yi mata da ƙarfi. Abin da take so kaɗan ne, kuma yawancinsa akwai shi a gida: ruwa, sabulu marar kaifi, mai, inuwa da abinci mai kyau.

Aikin Fata

Fata riga ce da aka haifi mutum da ita. Ita ce take tare ƙwayoyin cuta kada su shiga jiki. Ita ce take fitar da gumi don jiki ya huce. Da ita ake jin zafi da sanyi da taɓi.

A jikin fata akwai ƙananan ƙofofi masu yawa. Ta cikinsu wani maiƙo yake fitowa ya lulluɓe ta. Wannan maiƙo shi ke hana ta bushewa. Haka kuma fatar sama takan sake kanta kusan kowane sati huɗu. Tsohuwa ta zube, sabuwa ta taso daga ƙasa. Saboda haka duk gyaran da za a yi wa fata, ba a ganin amfaninsa sai an yi haƙurin wata ɗaya ko biyu.

Akwai kuma sinadarin launi mai suna melanin. Shi ke sa fata ta zama baƙa ko wankan tarwaɗa. Aikinsa kare jiki daga ƙunar rana. Wanda fatarsa take da duhu yana da kariya fiye da wanda fatarsa take fara. Baƙar fata dai ba datti ba ce, garkuwa ce.

Wanka da Wanke Fuska

A wanke fuska da sabulu sau biyu a rana, safe da dare. Wannan ya isa. Ruwan alwala yana ɗauke ƙura da gumin tsakanin lokutan nan, ba sai an ƙara sabulu ba. Yawan sabulu yana cinye maiƙon fata, ta bushe, ta riƙa ƙaiƙayi.

A yi amfani da sabulun wanka. Sabulun wanki da garin omo na tufafi ne, suna da kaifi ga jiki. Sabulun salo yana da kyau, amma wani yakan yi ƙarfi. A murza shi a tafin hannu, a wanke fuska da kumfar, kada a goga gundarinsa a fuska. In ana jin raɗaɗi bayan an wanke, to a canza wani.

Ruwa mai ɗumi ya fi dacewa. Ruwa mai zafi sosai yana da daɗi lokacin ɗari, amma yana ƙara busar da fata. Mai jego ma ta lura, ta sirka ruwan wankanta kada ya ƙona ta. Na jariri kuwa a gwada shi da gwiwar hannu tukuna.

Fuska ba tukunya ba ce. Kada a dirje ta da soso. Yatsun hannu sun wadatar. Bayan wanka a dangwala tawul a hankali, ba gogewa da ƙarfi ba. Kowa ya riƙe sosonsa da tawul ɗinsa, a kuma shanya su a rana su bushe. Rigar matashin kai a wanke ta kowane sati.

Manomi da ya yi feshin magani a gona ya yi wanka da sabulu nan take, ya kuma canza tufafi. Maganin feshi yana shiga jiki ta fata.

Shafa Mai

Lokacin da ya fi kyau a shafa mai shi ne da an fito daga wanka, jiki da sauran laima. Man yakan riƙe ruwan a cikin fata. In an bari jiki ya bushe ƙayau, aikin man yakan ragu.

Man kaɗanya yana cikin man da suka fi kyau. Tun kaka da kakanni ake amfani da shi. Yau har Turai da Amurka ake kai shi, a zuba a man kanti mai tsada. Basilin marar turare shi ma yana da kyau, musamman ga leɓe da hannu da diddige.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, a shafa mai safe da dare. Yara masu zuwa makaranta da masu kiwo a shafa musu kafin su fita. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, a rage mai. Yawansa a lokacin zafi yana toshe ƙofofin gumi, ya ƙara ƙurajen zafi. Maganin waɗannan shi ne wanka da ruwan sanyi da sa tufafin auduga masu yalwa. Wanda fuskarsa take yawan maiƙo ya shafa kaɗan a fuska, ya fi mayar da hankali ga jiki.

Mai faso ya jiƙa ƙafarsa cikin ruwan ɗumi kamar minti goma da dare. Ya goge kaushin da dutse a hankali. Sannan ya shafa man kaɗanya ko basilin, ya sa safa. Da rana kada ya yi yawo ba takalmi. Kada a yanke kaushi da reza. Mai ciwon suga kuwa, ko ɗan ƙaramin rauni ya gani a ƙafa, ya kai wa ma'aikacin lafiya.

Rana

Malafa ba ado kawai ba ce. Tana kare fuska da wuya daga rana. Mai aiki a gona ko a fadama ya sa ta. Mace ta ja mayafi ya yi wa fuskarta inuwa. In da hali, a huta a gindin bishiya da tsakar rana. Yawan dukan rana yana ƙara duhun tabo a fuska.

Zabiya shi ya fi kowa bukatar wannan, domin fatarsa ba ta da isasshen melanin. Rana tana iya jawo masa ciwon daji na fata. Iyaye su sama masa malafa da riga mai dogon hannu, su tambayi man kariya daga rana a asibiti. Kada a tura shi aiki cikin garjin rana.

Ƙurajen Fuska

Yawancin samari da 'yan mata sukan yi ƙurajen fuska lokacin balaga. Ba ƙazanta ce tushensu ba. Jiki ne yake canzawa, maiƙo ya yi yawa, ƙofofin fata su toshe. Mafi yawa sukan ragu da kansu in an girma.

Babban kuskure shi ne matse su. Matsa ƙurji tana tura ruwan cikinsa ƙasa, ta bar baƙin tabo. Tabon nan yakan yi watanni bai tafi ba. Wasu kuma sukan shafa ruwan lemon tsami, ko toka, ko kanwa, ko man goge baki. Duk waɗannan suna iya ƙona fuska, tabon ya fi na da muni. A wanke kawai, a cire hannu daga wurin. In ƙurajen manya ne masu zafi da ruwa, akwai maganinsu a asibiti.

Abinci da Ruwa

Abin da aka ci shi ke bayyana a fata. Zogale, rama, alayyafo, karas, kabewa, gwanda, mangwaro da manja suna da sinadarin bitamin A, mai gyara fata da ido. Lemo, gwaba da tumatir suna da bitamin C, mai taimaka wa rauni ya warke. Wake, gyaɗa, nono, ƙwai da kifi suna gina jiki. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi kwalbar mai ta dubban nairori amfani. A sha ruwa mai tsabta ko da lokacin sanyi ne, a kuma sami isasshen barci.

Man Canza Launi

A ɗauki misalin budurwar da aka sa ranar bikinta. Ƙawayenta suka ce ta sayi haɗin mai a kasuwa don ta yi haske. Sati biyu na farko fuska ta yi fes, kowa yana yabawa. Bayan wata uku labari ya canza. Gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi, kumatu sun yi ja kamar ƙuna, ba ta iya shiga rana. In ta daina shafawa, ƙuraje su feso. In ta ci gaba, fata ta ƙara lalacewa. Ga kuɗin mai kowane wata. Garin gyaran gira ke nan an rasa ido.

Abubuwa uku ne aka fi samu cikin irin wannan mai.

Na ɗaya, sitiroyid. Wannan magani ne na asibiti da likita ke bayarwa na 'yan kwanaki don wasu cututtukan fata. In aka daɗe ana shafa shi, fata takan yi siriri har jijiyoyi su fito. Nankarwa ta bayyana, rauni ya ƙi warkewa, makero da kyasbi su sami wurin zama. Yana kuma ratsawa cikin jini, ya iya jawo hawan jini da ciwon suga.

Na biyu, haidurokwinon. Yana hana fata yin melanin. Daɗewa ana shafa shi yakan kawo baƙin tabo a kumatu da goshi, wanda yake da wuyar magani. Ga shi an nemi fari an sami baƙi.

Na uku, zaiba, wadda ake kira makuri. Guba ce. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi. Mai ciki tana iya ba ɗan cikinta, mai shayarwa kuma ta ba jaririnta ta hanyar nono.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da kayan haska fata. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, wato NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta hana sa zaiba da sitiroyid a man shafawa. A watan Fabrairu na 2023, a wani taro a Kano, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana wannan ɗabi'a a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya.

Kada a sayi man da aka haɗa aka ɗura a kwalba ba suna, ba lambar NAFDAC. Kada a taɓa shafa wa yaro man canza launi. Fatar yaro ba ta da kauri, maganin yana saurin shiga jininsa. Wadda ta daɗe tana shafawa kuma take son dainawa, ta je wurin ma'aikacin lafiya da kwalbar a hannu. Shi zai nuna mata yadda za ta janye a hankali. Maza ma suna da hannu a nan. Saurayi ko maigida da yake zuga mace ta yi fari, ya sani cuta yake tura ta.

Haka baƙin lalle na dayis. Lallen gargajiya na ganye ja yake yi, kuma ba ya cika cutarwa. Na dayis yana da sinadarin rina gashi, wanda kan sa wasu kumburi da ƙuna. Amarya ta tsaya ga lallen ganye ya fi mata.

Abin da Ba na Gida Ba Ne

Akwai ciwon fatar da sabulu da mai ba sa yi masa. A je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko Babban Asibitin Gaya, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙuraje tsakanin yatsu. Wataƙila ƙazuwa ce. Sai an yi wa duk mutanen gida magani tare, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana.

2. Makero a kan yaro, gashi yana zubewa. Na kai yana bukatar maganin sha. Kada a haɗa masa aska ko mataji da sauran yara.

3. Gyambon da ya wuce sati biyu bai warke ba.

4. Tabo mai haske a jiki wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma in an taɓa shi da auduga ba a ji. Wannan yana iya zama farkon kuturta. Kada a ɓoye, kada a rufe shi da mai. Kuturta tana warkewa da maganin wata 6 ko 12. Tun shekarar 1995 ake ba da maganin kyauta. Wanda ya je da wuri ba zai rasa yatsa ko ɗaya ba.

Kyakkyawar fata ita ce mai tsabta da laushi, wadda ba ciwo a jikinta, ko wane launi ne da ita. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida wannan bayani, musamman 'yan mata da iyayen amare kafin a shiga hidimar biki. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara lafiya.