AIKIN FARKO DA ALLAH YA BA MUTUM

Karatu: Farawa 2:8-15



Karatunmu na yau ya nuna mana cewa kogi ne yake shayar da gonar Aidan, kuma Allah ya sa Adamu a ciki domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Noma dai mun riƙe. Kiyayewa fa?

Mu ma Allah ya ba mu kogi. Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya bi ta ƙasar Bungudu, ya cika madatsar Bakolori, kafin ya haɗu da Gulbin Rima. Daga gare shi muke sha, a fadamarsa muke noman rani.

To, me yake riƙe da gaɓar gulbi? Itatuwa ne. Saiwar kanya da tsamiya da ɗorawa tana ɗaure ƙasa, ganyen da ya zuba kuma yana tare ruwan sama har ya nutse a hankali. In an sare su domin gawayi, sai ruwa ya kwashe ƙasar gona ya zuba cikin gulbi. Yashi ya cika madatsa, da damina a yi ambaliya, da rani a rasa ruwa. Mutanen Gusau ba su manta da shekarar 2006 ba, lokacin da madatsar garin ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, gidaje suka rushe, ruwan sha ya yi wuya. Mun ga abin da gulbi yake yi in ya fi ƙarfin gaɓarsa.

Akwai kuma hutawa. A Markus 6:31 Yesu ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Wanda ya taɓa bin hanyar Tsafe zuwa Gusau ya ga Dutsen Kwatarkwashi, wanda aka san shi da mikiya tun zamanin kakanni. A kudu kuma ga dajin Kuyambana, wanda gwamnati ta keɓe domin namun daji, amma 'yan bindiga suka mai da shi maɓoya. Yaranmu da yawa sun girma ba su san daɗin zama a inuwar daji ba tare da tsoro ba.

Ba mu da ikon korar 'yan bindiga, amma muna da abin yi. Maimaitawar Shari'a 22:6-7 ta hana kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta, domin iri kada ya ƙare. Haka nan, wanda ya sare itace ɗaya, bari ya dasa biyu. Zumuntar matasa ta dasa itatuwa a harabar ikilisiya da bakin rafi a farkon damina, zumuntar mata ta riƙa ban ruwa da rani. In mun fita shan iska, kada mu bar leda, kada mu sa wuta.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana sakacinmu, ka maido da salama a dazuzzukanmu, ka mai da mu amintattun masu tsaron gonarka. Cikin sunan Yesu, Amin.