Abin da ke sarrafa sanyin hunturu a Turai

A watan Disambar 2010 dusar ƙanƙara ta tsayar da zirga-zirgar jirage a filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan, inda dubban matafiya suka kwana a ƙasa. Hukumar kula da yanayi ta Birtaniya ta ce ba a ga Disamba mai tsananin sanyi irin wannan ba cikin shekaru 100.

Masana na cewa tushen lamarin yana can tsakiyar tekun Atilantika.

Ita dai iska tana da nauyi, kuma takan kwararo ne daga inda take da nauyi zuwa inda ba ta da shi sosai. A kusa da tsibiran Azores na ƙasar Fotugal nauyinta yakan yi yawa, yayin da a kusa da ƙasar Aislan, can arewa, yakan yi ƙasa. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu takan ƙaru ko ta ragu. Wani masani ɗan Birtaniya, Gilbert Walker, shi ne ya raɗa wa wannan sauyi suna a shekarun 1920, ana kuma kiransa NAO a taƙaice.

Idan tazarar ta yi yawa, iskar yamma takan yi ƙarfi, ta kwaso ɗumi da ruwan sama daga teku zuwa arewacin Turai. Mutanen Birtaniya da Norway kan samu sauƙin sanyi, amma kuma manoman Sifaniya da Maroko sai su yi ta zuba ido ga sama, domin hadarin ya bi ta arewa ya bar su.

Idan kuwa tazarar ta ragu, sai iskar yamma ta yi rauni, iska mai tsananin sanyi ta kutso daga arewa da gabas. Abin da ya faru ke nan a 2010. A irin wannan shekara buƙatar iskar gas ta ɗumama gidaje takan ƙaru ainun, tsofaffi da marasa galihu kuwa su suka fi jin jiki.

Afirka ta Yamma ma ba ta tsira ba. Yankin iska mai nauyi na Azores yakan miƙo har cikin Sahara, ya taimaka wajen ingiza iskar hunturu, wadda ke ɗebo ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi ta lulluɓe garuruwa irin su Kano da Damagaram.